Burodi a Tashar Race Course

Tun da Iliya ya tuɓe kakin soja, ƙafarsa ba ta ƙara sanin zama ba. Ya yi gadin kanti a kasuwar Kejetia, ya bari. Ya bi motar katako zuwa daji, ya bari. Matarsa Rifkatu ce ke riƙe da gida da burodin da take gasawa a bayan ɗakinsu na haya a unguwar Akwatia Line, cikin murhun ƙasa mai kamar rumbu da ta koyi aiki da shi wurin matan ƙabilar Fante.

Su kaɗai ne Kiristoci a gidan, kuma suna da al'adarsu. Burodin da ya fara fitowa da safe ba na sayarwa ba ne. Iliya zai kakkarya shi da zafinsa, ya miƙa wa matarsa da 'yarsu Lami, ya karanta musu aya, su roƙi Allah abincin yini, na ciki da na zuciya.

A daminar nan abin ya fara lalacewa. Iliya sai ya karanta rabin aya ya tsaya yana kallon ƙofa. Wani lokaci kafin a ce amin ya riga ya sa takalmi. Rifkatu ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi shiru. Ita ma har ta fara ƙona burodi, don kunnenta yana kan ƙofa.

Wata safiya ta shigo da burodin farko a zani, ta tarar babu shi, babu akwatinsa na ƙarfe. Mai gidan hayar, Mma Hajo, tana tsakar gida da carbinta.

"Mma, kin ga Baban Lami?"

"Na gan shi, 'yata. Akwati a ka, ya nufi tashar Race Course. Ajiye mini yarinyar, ki yi sauri."

Rifkatu ta jera sauran burodin a faranti don kada ya huce a banza, ta sa na farkon a sama a naɗe cikin zaninsa, ta ɗora a ka, ta fita tana haɗawa da gudu. Tasha ta cika da hayaniya, 'yan kamasho na kiran masu zuwa garuruwan Tamale da Bolga, ga taɓon ruwan jiya. Ta leƙa wannan mota, ta leƙa waccan. Can ta hango shi zaune a kan akwatinsa kusa da motar Tamale, yana kaɗa ƙafa.

"Ina zuwa, maigida?"

"Arewa."

"Wurin wa?"

Ya ce, "Rifkatu, ba ke ba ce. In na zauna a ɗakin nan, ji nake kamar an tura ni cikin murhunki an toshe baki. Ko addu'ar, bakina kawai ke yi."

Ta sauke faranti, ta kwance zanin da ta naɗe burodin farko, ta miƙa masa. Har yanzu da ɗuminsa.

"To, karya. In za ka tafi, ba za ka tafi mini da yunwa ba."

"A nan? Cikin tasha?"

"Allah bai san tasha ba ne?"

Ya karɓa. Ya karya. Addu'ar ta ƙi fitowa, sai ita ta yi, gajeriya, ido buɗe: "Ubangiji, ga mu. Ka ba mu na yau."

Ƙamshi ya riga ya shiga mota. Wata Batoniya, 'yar ƙabilar garin, ta leƙo ta taga tana kiran burodi da yarensu, "Pano! Pano!" Wani dattijo ma ya miƙo hannu. Rifkatu ba ta motsa ba, idonta na kan mijinta. Iliya ya miƙe a fusace, kamar mai neman abin da zai yi da jikinsa, ya ɗauki farantin ya kai musu. Daga nan aka kira shi a wata mota, sai wata. Ta ji muryarsa ta fareti tana tashi daga can ƙarshen tasha: "Burodi da zafi!" Sa'ad da ya dawo da faranti wayam, gumi na zuba, motar Tamale ta cika ta tashi. Ya tsaya yana bin ta da ido har ta ɓace.

"Akwai wata motar gobe," in ji shi.

"Akwai," ta ce. "Ɗauko akwatin."

Bai warke ba. Amma ya samo tsohon keke, ya ɗaura masa akwatin katako, kullum ya cika shi da burodi ya nufi unguwar Bantama, ya zaga duk inda ƙafa ta kai shi. Addu'ar safe yanzu a tsaye suke yin ta, a bakin murhu, hannunsa ɗaya a kan keke. Wani yini sai magariba yake dawowa, wani yini har dare ya yi. Rifkatu takan aiki Lami bakin layi ta duba, ta sake aikenta, tana kwaɓa ƙullun gobe da ƙarfin da ya wuce kima.