Bashin Sialei da Kifin Gwangwani

A gidanmu na garin Logan, inda muke zaman ci-rani, Baba Falaniko ya fi tsoron bashi a kan maciji. Don haka ranar da ƙanwata Sialei ta ce kwaleji ta ba ta gurbin ƙaramin digiri na shekara biyu a fasahar injiniya, kuma da bashin gwamnati za ta yi karatun, sai gwazar da ke hannunsa ta faɗi cikin miya.

"Nawa?" in ji Baba.

"Kusan dala dubu ashirin. Amma Baba, sai na fara aiki albashina ya yi kauri sannan za su riƙa cira kaɗan-kaɗan."

Ni da nake aiki a kamfanin yankan nama na sa baki, don ba na iya ganin gardama in wuce. "Ke dai kin cika son wahala. Zo in sa a ɗauke ki a wajenmu, Juma'a mai zuwa ki ji kuɗi a aljihu."

"Yaya, shekara nawa kana can? Albashin ya motsa?"

Na ci gaba da cin abincina. Gaskiyarta ce: shekara biyu babu ko sisi, ga bashi, amma in ta gama za ta fara da abin da ni ban taɓa gani ba.

Baba ya ce, "'Yar Falaniko ba ta cin bashin wanda bai san sunan kakanta ba." Ya tashi da wayarsa ya shige ɗaki. Ranar Litinin za a rufe rajista, kuma Sialei ba za ta taka ƙofar kwalejin ba sai da yardarsa. Ta kwana tana kuka, ni ma sai na ji ba daɗi.

Ran Asabar motoci suka cika layinmu. Ashe Baba ya kira fa'alavelave, gudummawar da mu mutanen Samoa muke haɗawa in an yi mutuwa ko biki. Dangi suka yi ta sauke tabarmin gargajiya, da katan-katan na kifin gwangwani, da ambulan na kuɗi. Gwaggo Tausala, yayar Baba, ta shigo tana share hawaye, don ita ba ta iya zuwa irin wannan taro da busasshen ido.

"Gwaggo, ba fa wanda ya mutu," in ji Sialei.

"Yi min shiru, 'yar nan. Dubu ashirin ai ya fi wata gawar nauyi."

Sai dai al'adar tana da wutsiya. Duk wanda ya kawo, dole a mayar masa da wani abu, a ciyar da shi, a sallami fasto da nasa ambulan, a zuba wa na nesa mai a mota. Baba kuwa ba ya yarda a fi shi hannu. Kafin la'asar aka yi jawabai, aka raba, aka watse. Muka ƙirga abin da ya rage: dala ɗari uku, tabarmi biyu, da kifin gwangwani har rufin gareji.

Sialei ta zauna a kan katan tana dariya hawaye na zuba. "Baba, kwaleji ba ta karɓar kifi!"

Baba bai yi dariya ba. Yana murza yatsunsa da sanyin ɗakin ajiyar nama ya lanƙwasa tun muna yara. Ya ce, "Na sani. Tun kafin a haife ki nake wannan taro, ban taɓa fita da riba ba. Kin ji jawabin gwaggonki?"

"Ina kicin ina soya kaza."

"Ta faɗa a gaban kowa: ko mutuwa ko biki, ba mai kiran wayarki neman sisi sai kin gama karatu kin biya gwamnati. Yayanki ma ya so karatu. Albashinsa na farko kiran dangi ya cinye, ni kuma ina kallo." Bai dube ni ba. Na juya ina gyara katan ɗin da ba ya bukatar gyara.

"To bashin fa, Baba?"

"Je ki ci. Tunda gwamnati ta ce sai kin samu, ta fi mu haƙuri."

Sialei ta yi rajista ran Litinin, da kifin gwangwani a jakarta na abincin rana. Ran Laraba wani kawunmu ya rasu a Apia, can gida Samoa. Ina kan aiki wayata ta yi ƙara, na ga sunan Gwaggo Tausala.

"Ɗana, ka ji abin da ya faru? To kason ƙanwarka ma kai za ka kawo."

Na ce, "To, Gwaggo." Karon farko ke nan da na tura kuɗin ban yi tsaki ba.