Wa Ya Ba Ki Kyautar?

Malama ta sake murɗa makullin ɗakin kwamfutoci, ya ƙi juyawa. Sai da ta sunkuya ta ga ashe kwaɗon ne aka sauya. Ɗalibanta na ajin rubuta manhaja suna tsaye a bayanta sun yi cirko-cirko, ga shi gobe za su yi jarrabawa a kan kwamfutocin nan. In ɗakin ya kwana a rufe, wahalar zango guda ta tashi a banza.

"Shugaban sashe ne ya sa, Malama," in ji wata ɗaliba. "Wai ki same shi."

Ta tarar da shi yana goge tabarau da bakin riga. Mutum ne wanda ko gaisuwarka ta yi tsawo sai ya fara tunanin me ka zo nema.

"An ce kin cika mana kwamfutoci da manhajojin waje, kina gaya wa yara kyauta ne."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Da ta rubutu, da ta gwaji, da ta gano kuskure. Tamu ta dā lasisinta ya ƙare tun bara."

"Wa ya ba ki kyautar?"

"Ba wanda ya ba ni. Kowa na iya saukewa."

"Kin dai san doka, ma'aikaci ba ya karɓar kyauta daga kamfani."

Nan ta gane inda maganar ta karkace, dariya ta kusa kuɓuce mata, ta danne.

"Ba irin kyautar da ake miƙa wa mutum a leda ba ce. Ina nufin ba a biya."

"Ai kowace kyauta ba a biya, Malama. Daga baya ake biya."

Ranta ya ɓaci. Ta shiga tunanin wanda ya kai ƙararta. Ko malamin ofishin kusa da nata ne, wanda ya yi mata murmushi da safe ba gaira ba dalili? Ta lura ita ma zargin ya fara kama ta, ta ji kunyar kanta.

Ta gyara zama ta yi masa bayani dalla-dalla. Mutane ne barkatai a duniya, malamai da ɗalibai da ma'aikata, kowa ya sa hannu in ya samu sarari, kuma a buɗe aikin yake, mai son dubawa ya duba. Shugaba yana ta gyaɗa kai irin na wanda bai yarda da ko kalma ɗaya ba.

"Ni ma ina cikinsu," ta ƙara, don ta kashe maganar. "Ni na mayar da saƙonnin kuskuren zuwa Hausa, saboda yaranmu."

Ya ajiye tabarau a hankali.

"Au, ashe ke ce kamfanin. To ke me kike samu?"

"Ba komai, ranka ya daɗe."

Ya ɗauki sabon makullin daga kan tebur, ya jefa a aljihun tebur, ya tura. Ta tagar ofishin tana hango ɗalibanta, wasu har sun zauna a ƙasa sun jingina da bango. Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ta ƙara kulle ɗakin.

"To, akwai ɗan abin da nake hange," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ana sa sunan mutum a jikin aikin. Ina so in nuna shi lokacin neman ƙarin girma."

Ƙarya ce tsagwaronta, ko a mafarki ba ta taɓa wannan tunanin ba. Amma nan take fuskar Shugaba ta washe, har da 'yar dariya. Ya jawo aljihun tebur ya miƙo mata makullin.

"Ai da kin faɗi haka tun farko. Yanzu na san da mutum nake magana."

Ta karɓa, ta juya. Har ta kama ƙofa ya sake kiranta.

"Malama, wurin sa sunayen nan, akwai sauran fili?"