Sai Ranar Ruwa

Hantsi ya ɗaga, rana ta fara dukan duwatsun birnin Amman, ko iska ba ta motsi, Mazin yana tsaye a falon gidan da yake so ya saya, yana kallon wata mata tana ƙwanƙwasa bango da gindin sukudireba.

Injiniya Lubna ce. Dinari sittin ya ba ta don ta duba masa gidan, kusan abin da yake samu a mako ke nan yana yawo da motar tukwanen gas unguwa-unguwa. Gidan ba wani babba ba ne, ɗaki biyu da falo, amma a ƙasa yake, ba hawa. Abin da ya kawo shi ke nan. Su a hawa na huɗu suke haya, mahaifiyarsa kuwa gwiwa ta ci ƙarfinta, ga tari da ke taso mata in ta shaƙi danshi. Rabonta da taka ƙasa tun ƙaramar sallah, shi ma a bayansa ta sauko.

Mai gidan, Abu Firas, yana bakin ƙofa da carbi a hannu, ya ƙi shigowa. Aminin marigayi mahaifin Mazin ne.

Lubna ta shiga banɗaki ta murɗa famfo. Ya yi tari sau ɗaya, ya yi shiru.

“Tankinku na sama a bushe yake,” ta ce. “Ginin dai lafiya lau, wayoyin wuta ma haka. Amma bututun da ba ruwa a ciki ba abin da zan ce a kansa. Yaushe ake sako muku ruwa a nan?”

“Laraba,” in ji Abu Firas.

“To sai Laraba.” Ta shafa bangon ɗakin da ke manne da banɗakin, ta shinshina yatsunta. “Fentin nan sabo ne. Ban ce akwai wani abu ba. Ban kuma ce babu ba.”

“In kin dawo, wani kuɗin ne?” Mazin ya tambaya a hankali.

“Rabin na yau. Ni ma mai nake sha a mota, ɗan'uwa.”

Sai da ta tafi Abu Firas ya shigo. Ya dubi Mazin daga sama har ƙasa.

“Ni na ɗauki makarar ubanka a kafaɗar nan. Yau kai ne ka kawo min baƙuwa tana shinshina min bango kamar mai neman ɓera?”

“Allah ya huci zuciyarka, Kawu.”

“Akwai wani mutumin garin Zarƙa, kuɗin kafin alƙalami na cikin aljihunsa. Yau Asabar. Wanda ya riga kawowa shi ke da gida.”

Da Mazin ya koma gida ya tarar labari ya riga shi hawa benen. Mahaifiyarsa na zaune a gefen taga tana gyaran ganyen lalo, wanda suke kira mulukiya.

“Ka ba mu kunya,” ta ce, ba ta ko ɗago ba. “Matar Abu Firas ta kira ni. Kai masa kuɗinsa yau, ka sumbaci kansa.”

“Umma, ɗakin da aka yi wa fentin nan naki ne. In bangon na shan ruwa, sanyi na shigowa kin koma asibiti.”

“Kuɗin da ka ba matar nan da nama ka saya mana da shi.”

“Zan ƙara mata ma.”

“Halin ubanka ka ɗauko, wallahi. Shi ma kankana sai ya ƙwanƙwasa ta har mai sayarwa ya zage shi.”

Ya yi dariya ya zauna yana taya ta tsinke ganyen. Amma tunaninsa na kan gidan. Shekarun da ya yi yana saɓa tukunya a kafaɗa duk suna cikin kuɗin gidan nan, kuma ya san ba zai sake tara irinsu ba. Gidan ƙasa a wannan farashi ma ba kullum ake samu ba. In ya jira, mutumin Zarƙa ya ɗauke. In bai jira ba, ya sayi abin da bai gani ba.

Washegari ya tsayar da motarsa a ƙofar shagon kayan miya na Abu Firas. Dattawa uku na zaune a kan kujerun roba suna shan gahawa. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya.

“Ga mai injiniya nan,” in ji ɗaya. “Zo ka duba min kujerar nan, ko tana yoyo.”

Aka yi dariya, shi ma ya yi.

Abu Firas ya ce, “Ku tambaye shi. Ni a unguwar nan maganata ta fi takarda. Wa na taɓa cuta?”

“Babu, Kawu,” Mazin ya ce. “Shi ya sa na zo. Ba ragi na zo nema ba. Maganar taka nake so ka ba ni, a gaban waɗannan iyayen nawa, cewa ba za ka karɓi kuɗin kowa ba sai ruwa ya zo.”

Abu Firas ya dubi abokansa, su kuma suka dubi kofunansu. Ya ja carbinsa, ya shafa gashin baki.

“Zuwa la'asar ɗin Laraba,” ya ce. “Ana kiran salla, ba ni ba kai.”

Ranar Laraba unguwar ta tashi da ƙarar ruwa. Injinan wanki na kuka ta kowace taga, mata na wanke darduma a baranda, kumfa na gangarowa kan titi. Mazin ya bar motar a hannun abokin aikinsa, ya yafe cinikin ranar. Ya hau rufin benen da gidan Abu Firas yake ƙasansa, ya buɗe wa tankin gidan hanya, ya tsaya yana jin yadda ruwa ke dukan ƙarfen, sannan ya sauko.

Lubna ta bi famfunan ta buɗe, ta bar su suka zuba, ta rufe su duka. Ta ce a jira. Suka zauna a ƙasa, don ba kujera. Abu Firas ya aika aka kawo shayi, ya miƙa wa injiniya, bai miƙa wa Mazin ba. Mazin ya ɗauka da kansa.

Har azahar bangon fari tas. Abu Firas ya fara murmushi.

“To, 'yata, kin ci kuɗin maraya sau biyu. Sai ki rubuta masa cewa bango bango ne.”

Mazin ya ji kunya ta rufe shi. Amma ya ce, “La'asar muka yi da kai, Kawu.”

Can Lubna ta tashi ta shiga ɗakin, ta durƙusa a kusurwa, ta kira su. A gindin bangon, daidai inda za a sa kan gado, fentin ya yi duhu kamar faɗin tafin hannu. Ta danna da yatsa, ya kumbura, ruwa ya tsattsafo.

Abu Firas ya daɗe a tsugune. Ya taɓa wurin, ya dubi yatsansa.

“Ɗana Firas ne ya kawo mai fenti,” ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. “Ce min ya yi don gidan ya yi haske.”

Lubna ta miƙe tsaye.

“Bututu ɗaya ne a ƙarƙashin banɗaki,” in ji Lubna. “A fasa tayil, a canza shi, a bar bangon ya sha iska kafin sanyi. Ban da shi, gidan nan ni ma zan saya.”

Abu Firas ya miƙe da ƙyar, ya karkaɗe gwiwa. Bai dubi Mazin ba.

“Gyaran a kaina. Uwarka ba za ta kwana a jiƙaƙƙen ɗaki da sunana ba. In ya bushe ka kawo kuɗinka.” Ya kai ƙofa ya juyo. “Ita ma wannan ta dawo ta shinshina. Amma kai za ka biya ta.”

Mazin ya sallami Lubna, ya kira mahaifiyarsa. Ta saurara har ya gama, ta ce, “To. Ka taho da burodi.”

Ya sake hawa rufin don ya rufe ruwan kafin bangon ya ƙara sha. Nan ya ga tankin da ke kusa da nasu yana ambaliya, ruwan mako guda na bin siminti yana tafiya a banza. Bai san na wane ne ba a cikin mutanen benen. Ya naɗe hannun riga, ya zura hannu ya ɗago ƙwallon da ke toshe bakin bututun, wanda ya maƙale a ƙasa, ya ɗan lanƙwasa ƙarfensa har zubar ta tsaya. Ya mayar da murfin, ya ɗora masa dutse, ya sauka neman burodi.