Littattafan da Aka Yage wa Ƙarshe

Wani dare na ji ana yaga takarda. Ba irin yagar mai fushi ba, wadda ake yi farat ɗaya a wuce. A hankali ake yi, a ja kaɗan, a tsaya, a sake ja, kamar mai ɗaye tsumma daga kan gyambo. Na ɗaga kai daga matashi na kasa kunne. Na san ƙarar ɓera, na san ta gara, har ta kyankyaso in ya samu gam na sani, don dukansu abokan gabata ne. Wannan ba ta kowa ba ce a cikinsu. Na yi addu'a na shafa, na juya na fuskanci bango.

Sana'ata hayar littattafai. Shagona yana ƙarƙashin matakalar benen da muke haya, wurin da in ka miƙe sosai kanka zai gaisa da siminti. Yawancin kayana labaran samari da 'yan mata ne, masu bango mai launi, su ne kuma masu zuwa ɗauka. Ban yi nisa a makaranta ba, amma ina karatu, ina kuma rubutu in ba a tsaya a kaina ba. Littafi in ya zaga hannaye sai ya fara zubar da shafuka, kuma na ƙarshe ne ke fara tafiya. Sauran masu haya jefarwa suke yi. Ni kuwa sai in yanka farar takarda daidai, in rubuta ƙarshen da biro, in ɗinke da basilla, in shafa gam. Wani lokaci ina tuna yadda marubucin ya ƙare, wani lokaci ba na tunawa. Ba ya damuna, don duk hanya ɗaya suke bi: yaron ya ci jarrabawa, ya samu aiki a ofis mai sanyi, uban yarinyar ya sauko, maƙiyi ya ji kunya.

Da hantsi wata yarinya da nake kira Rediyo, saboda bakinta ba ya hutawa, ta dangwarar min da littafi a kan tebur.

"Baba mai littafi, wannan wace irin mugunta ce? Na kwana ina bin mutumin nan, an kore shi daga aiki, ya je ya tsaya a kan gada, na juya shafi sai ga bango!"

"Rage murya, Rediyo, batirinki zai ƙare. Kawo in gani."

An cire shafukan ƙarshe daga gindin zare, tsaf, ba a taɓa sauran ba. Da ta tafi na sauko da kwalin da na ɗauko daga ɗaki da safe. Kusan rabinsa haka yake. Har waɗanda na rubuta da hannuna ba a bari ba.

A ɗakin baya nake ajiye kwalayen da dare, kuma a nan jikana yake kwana. Sunana aka sa masa, shi ya sa uwarsa ba ta kama sunan, sai ta ce Babana, ni kuma in ce Takwara. Uwar tasa 'yata ce, tana aikin wanki a wani asibiti, tun asuba take fita. Takwara ya gama sakandare da sakamako mai kyau, bai samu gurbin ƙaro karatu ba. Ya yi ta yawo da takardunsa a leda, ofis ofis, yana goge takalmi kowace safiya. Daga baya ya daina goge takalmin, sannan ya daina fita. Saboda haka ba sai an yi duba ba kafin a san mai yagar. Amma ni na fi so a ce aljani ne, don aljani ana iya roƙonsa ya tafi.

Ina da wata ɗabi'a da 'yata take ce wa rashin aikin yi. Ina gane masu karatuna ta alamar da suke bari. Akwai mai lanƙwasa kunnen shafi, akwai mai barin maiƙon yatsa, akwai wata da ke zana ido a gefen duk wurin da aka yi kuka. Da yawansu sun bar unguwar, wasu ba a san inda suke ba, amma in na buɗe littafi sai in same su a ciki, kowa a inda na san shi. Da azahar, in titi ya yi tsit, shagon yakan cika da su har in rasa wurin miƙe ƙafa.

A cikinsu akwai Siriri, aminin Takwara tun suna tsere da taya. Shi da farce yake jan layi a ƙarƙashin maganar da ta yi masa, ba ka gani sai ka karkata shafin wajen haske. Bara ya bi mutanen nan masu kai samari ƙetare ta ruwa. Ya kira sau ɗaya daga wani bakin teku, iska tana cinye rabin maganarsa. Daga nan shiru. Uwarsa har yau ba ta karɓar gaisuwa, in ka fara sai ta ce maka yana hanya.

Ran nan ina jera sababbin littattafai, waɗanda na saro bayan tafiyarsa da daɗewa, na karkata ɗaya wajen haske sai ga layin farce. Na buɗe wani, ga shi nan. Na daɗe zaune da littafin a cinya, ina jin kamar wani dogon yaro yana tsaye a bayana ya sunkuyar da kai saboda matakala. Da na shiga gida na tarar da Takwara kwance yana kallon silin, hannunsa a kan ƙirji. Ya tara farcen babban yatsa.

Na zauna a bakin katifar.

"Takwara, ɓeran da ke cin littattafaina ya iya karatu."

"Sai ka ɗana masa tarko, Tsoho."

"Na ɗana. Ga shi kwance yana ce min tsoho."

Ya yi ɗan murmushi, bai kalle ni ba. Can ya ce, "Ƙarya suke yi, Kaka. Naka ma ƙarya ne, sai dai rubutunka ya fi nasu karkacewa."

"Labari ne fa, ba labaran duniya ba."

"Ai da ƙarya ce tun daga farko da ban damu ba. Har tsakiya gaskiya suke faɗa. Layin neman aiki, mai gadi ya kore ka, ka dawo gida ka ci abincin uwarka kana jin kamar sata kake yi, duk haka yake. Sai saura shafi kaɗan wani attajiri ya faɗo daga sama. Ina attajirin? Siriri ya karance shagon nan kaf. Shi a zatonsa in mutum ya sha wuya sosai, to saura kaɗan a juya shafi."

Na tambaye shi abin da na daɗe ina tsoron tambaya. Bai ɓoye min ba. Ya ce mutanen da Siriri ya bi sun dawo unguwa, akwai mota a ƙarshen wata, kuma ya yi magana da su.

"Kai da ka ce ƙarya ce ta kai shi?"

"Shi ya tafi yana sa rai. Ni ba na sa ran komai, zaman ne ya ishe ni." Ya tashi zaune. "Ko kuwa ka rubuta min ɗaya, tunda kai ne sarkin ƙarshe. Wanda mutum bai samu komai ba, bai tafi ko'ina ba, kuma bai mutu ba. In na karanta na yarda da shi, zan zauna."

Da wasa ya faɗa, ni kuwa na riƙe shi da hannu biyu.

Da na gaya wa uwarsa sai ta ajiye bokitin da ke hannunta. Hannayenta sun yi fari fat saboda sabulun asibiti.

"Baba, yaro zai faɗa ruwa kai kana wasan takarda? Ka yi masa magana a matsayin kakansa, ba abokin wasansa ba."

"In yi masa faɗa ya tafi da faɗan a kunne?"

Ta shiga ta ɗauke katin shaidarsa ta kai wurin aiki ta ɓoye, duk da mu biyun mun san masu motar ba sa tambayar kati.

Na ɗauki littafin mutumin da ke kan gada na fara. Na rubuta cewa ya sauko, ya koma gida, ya kwanta. Gari ya waye. Daga nan biro ya tafi da kansa, ban ankara ba sai ga ɗan aike a bakin ƙofa da takardar ɗaukar aiki. Takwara ya karanta, ya cire shafin a hankali, ya miƙo min kamar mai ba da canji. Na sake wani, mutumin ya kafa tebur yana sayar da kayan waya, kasuwa ta buɗe. Ya ce, "Wa ya ba shi jari?" Na sake wani da yarinya mai haƙuri a ciki. Ya ce, "Kaka, da me zai riƙe ta, da haƙurin?"

Sai na fara rufe shago da la'asar ina zaga unguwa ina neman ƙarshe. Na zauna kusa da samarin da ke kan benci a bakin mahaɗa, waɗanda ke bin inuwa tana juyawa suna juyawa. Na tsaya wurin mai gyaran waya da ya karanta ilmin gine-gine. Na bi wani da ido tun daga shagon aski har ya shige lungu. Ina ta jira in ga inda labarin ɗayansu zai tsaya in kwafa, ba wanda ya tsaya. Magariba ta yi, kowa ya kaɗe wandonsa ya tafi gida, gobe su dawo.

Wata na gab da ƙarewa na zauna na rubuta abin da na gani. Mutumin ya sauko daga gada don ƙafarsa ta gaji. Ya tarar uwarsa ta rufe masa abinci, ya ci. Sakatar ƙofarsu ta daɗe da lalacewa, irin tamu, ya nemo ƙusa ya gyara. Da safe ya zauna a benci. Wani ya ba da labarin dariya, ya yi dariya, dariyar gaske. Aka ce ana ɗaukar ma'aikata a wani wuri, ya je, an riga an rufe. Ya dawo a ƙasa. Ruwa ya sauko, ya taya uwarsa kwashe shanya. Haka na yi ta bin sa har takarda ta ƙare a tsakiyar wata Talata, na ɗinke.

Takwara ya karanta a tsaye a bakin shago, kansa a sunkuye. Ya koma farko ya sake. Na ga farcensa ya bi ƙarƙashin wani layi, ban ga ko wanne ba. Bai yaga ba. Ya rufe littafin ya mayar da shi cikin 'yan uwansa da kansa.

"Wannan gaskiya ne, Kaka."

Wani sanyi ya ratsa ni, har na fara laluben abin tsokanarsa. Sai ya ce, "Shekara nawa zai yi a haka?"

"Wa?"

"Mutumin."

Na ce ban sani ba, takarda ce ta ƙare. Ya gyaɗa kai, ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba.

"Na ce in na yarda da shi zan zauna. Na yarda da shi, Tsoho. Da ban gan shi a rubuce ba da wataƙila na iya zaman."

Washegari da rana, uwarsa tana wurin aiki, ina shago, na ji ana buga ƙusa a cikin gida. Na ce a raina madalla. Na jira bugun ya tsaya, na ƙara jira, don kada ya ga kamar gadinsa nake yi. Da na shiga, sakata tana aiki lafiya lau. Katifa a naɗe, kwalayena a jere, takalmin nan ba ya nan. Ta ƙofar baya ya fita.

Da yamma 'yata ta dawo. Ta tsaya a ƙofar ɗakin tana tura sakatar tana janyewa, tana turawa tana janyewa, ba ta yi kuka ba. Maƙwabta suka fara taruwa a gindin matakala. Wani ya ce a je tasha, wani ya ce motar ba ta tasha take tashi ba. Wata ta ce yaro ne mai hankali, Allah zai tsare. Uwar Siriri ma ta zo, ta kama hannun 'yata tana ce mata kada ta damu, za su haɗu a can, nata zai kula da shi.

Mai guga, wanda shagonsa ke jikin nawa, bai sa baki ba tun farko. Ya ɗora dutsen guga a kan mazauninsa, ya goge hannu a riga, ya yi tambayar da duk muka yi kamar ba mu ji ba.

"Wai ni, cikin yaran nan da suka bi hanyar, wa aka taɓa gani ya dawo, ko da hannu wofi?"