Kiɗan da Yaya Ya Kawo Gareji

Tun da Auta ya yi wayo yake aiki tare da yayansa a garejin nan, bai taɓa jin mutumin ya yi ko fito ba. Masu mota Mai Kunne suke kiran yayan, don in aka ta da inji sai ya karkata kai kawai, ya faɗi ciwon tun ba a ɗaga bonet ba. Faɗansa kullum ɗaya ne: a kashe rediyo, inji na magana. To wannan mutumin ne aka wayi gari ya shigo rungume da ƙatuwar sifika, ya ture sifanoni gefe, ya dasa ta a kan teburin aiki.

Abin da ya fito daga cikinta, Auta ya rasa sunan da zai ba shi. Mai busa ya kama hanyarsa, mai ganga ya kama tasa, mai fiyano kuwa sai lalube yake kamar wanda ya yar da makulli a duhu. Ba waƙa, ba amshi.

Ya tsaya a gaban yayan ya ce, "Yaya, waɗannan faɗa suke yi ko kiɗa?"

"Jaz ake ce masa. Sai mai natsuwa ke gane shi."

Wato su ne marasa natsuwar ke nan. Auta ya juya ya koma bakin aikinsa.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Da ya bi diddigi, sai ya gano wani likita mai farar mota ne ya ba Yaya sifikar da kiɗan duka. Motar nan lafiyarta ƙalau, Auta da kansa ya duba ta, amma Yaya ya tsiri zuwa wurin likitan wai zai ƙara duba ta, ya daɗe, ya dawo ba ko ɗigon baƙin mai a hannunsa. In ba aiki sai ya zauna ya kifa tafin hannu a kan sifika, ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Tsofaffin abokan hulɗa su yi masa sallama daga baya, ko waige. In an taɓa shi ya ce kiɗa ne ya ɗauke masa hankali. Mota kuwa in ta shigo, sai ya ce, "Auta, je ka saurara ka faɗa min."

Wani mai tasi da ba ya rabuwa da garejin, mutum ne mai baki kamar reza, shi ya ƙara wa wutar fetur.

"Yayanka ya zama babban mutum, Auta. Wanda ya canza kiɗa, abokai zai canza. In ka ga kare na shinshina takalmi, ɗauka zai yi."

Auta ya yi dariyar yaƙe, amma tsoro ya kama shi. A ransa ya gama haɗa labarin: likita zai buɗe wa Yaya gareji na manyan motoci, inda ake gyara da farar riga, shi kuwa a bar shi da rumfar kwano da tarkacen tayoyi. Shi ya sa ake koya masa sauraren inji, don a sauke masa kayan a tafi. Abin da ya fi yi masa ciwo, ciki ɗaya suka fito, amma a rasa mai gaya masa.

Wata rana da yamma mai tasin ya kawo motarsa. Fanbel ɗinta ihu yake, ko jariri zai ji. Yaya ya sunkuya cikin injin, ya ba su baya, yana taɓa filogi ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai. Haƙurin Auta ya ƙare. Ya je ya fizge wayar sifikar daga bango.

"Yaya, in tafiya za ka yi, ka faɗa min a gaban mutane! Ni ba yaro ba ne!"

Yaya bai juyo ba. Ƙafarsa na ci gaba da buga ƙasa, kansa na gyaɗawa. Can ya ɗaga murya, cike da nishaɗi.

"Auta, ji wurin nan! Ji yadda mai busan ya shigo!"

Babu mai busa. Babu komai sai ihun fanbel.

Auta ya dubi wayar da ke hannunsa. Sallamar da ba a amsawa, zuwa wurin likita, je ka saurara ka faɗa min, duk suka dawo masa lokaci guda, kunya ta rufe shi. Ya waiga ya ga mai tasi ya saki baki. In wannan mutumin ya gane, kafin gobe duk tasha ta san Mai Kunne ba ya ji, kuma ba wanda zai sake kawo masa mota.

Auta ya mayar da wayar, ya ƙure muryar sifikar, ya fuskanci mai tasi.

"Me kake kallo? Ai ya haddace shi, ko an kashe a kansa yake ji. Kai me ka sani a jaz? Sai mai natsuwa."

Sannan ya zagaya gaban motar, ya tsaya inda Yaya zai ga bakinsa.

"Yaya, fanbel ɗin nan da ka ce min ɗazu, in canza shi?"

Yaya ya ɗago ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Ya janye hannu daga kan filogin.

"Canza."

Da mai tasi ya tafi, sai Yaya ya matso kusa da Auta. Ya kamo hannunsa, da giris ɗin da komai, ya kifa a kan sifikar. A can ƙarƙashin hayaniyar masu busa, Auta ya ji wani kiɗa mai kauri yana tafiya a hankali, yana bugun tafin hannunsa. Bai taɓa lura da shi ba.

"Ka ji na ƙasan nan?" in ji Yaya. "Shi kaɗai ya rage min."

Auta bai ɗauke hannunsa ba.