Rabin Tikiti

Tela ne ya kawo shawarar da bakinsa, shi ya sa daga baya bai sami wanda zai ɗora wa laifi ba.

Shekara goma sha tara ke nan yana riƙe da ƙofar filin ƙwallon unguwarsu. Ƙungiyar ba ta ƙwararru ba ce. 'Yan wasanta makanikai ne da direbobi da masu dako, sai wani malamin makaranta da ke tsaron raga, kowa ya taso daga aiki ranar Asabar ya zo ya sa riga. Rigunan ma Tela ke ɗinke su idan sun yage, bayan ya gama da kayan mutane. Da ƙuruciya shi ma ya buga baya, har gwiwarsa ta hagu ta ƙi, sai aka ba shi kujerar roba da ɗan tebur a bakin ƙofa aka ce ya riƙe kafin a sami wani. Har yau ba a samu ba.

Filin wani fegi ne a bayan tsohuwar masana'anta, an kewaye shi da kwanon rufi mai tsatsa, da benci shida a gefe guda. A farkon shekarar mai fegin ya ƙara kuɗin haya, alƙalan wasa suka ƙara nasu, raga ɗaya kuma ta ruɓe har ƙwallo na ratsa ta, a yi ta musu ko an ci ko ba a ci ba. 'Yan kwamiti suka zauna a shagon Ciyaman, mai sayar da kayan gini, kowa ya sami buhun siminti ya ɗosana. Aka yi ta zagaye ba a kai ko'ina ba, gwiwar Tela tana ta zugi, shi dai so yake ya tafi gida.

Ya ce, "Ku duba bencinan nan ranar wasa. Kashi biyu cikin uku yara ne, ba sa ba da komai. Babba ya biya ya shigo ya tsaya a rana, yaro na zaune. A sa musu rabin tikiti."

Ƙanensa, wanda shi ne kocin ƙungiyar, ya ɗago kai. "Yaya, ni da kai fa ta ƙarƙashin waya muka fara kallon ƙwallo."

"Shi ya sa filin da muke shiga ɗin ya zama wurin ajiye motoci," in ji Tela.

Aka yi dariya, aka ɗaga hannu, shawara ta wuce. Koci kaɗai ya bar hannunsa a kan cinya.

Asabar ta farko Tela ya rubuta sabuwar dokar a jikin kwali ya rataye. Yaran suka zo kamar kullum, a guje, suka ci birki a gaban kwalin. Waɗanda suka iya karatu suka karanta wa sauran. Ba wanda ya yi masa rashin kunya, abin da ya fi damunsa ke nan. Suka tsaya dai suna kallonsa, wani ya ce, "Baba Tela, har da mu?" Ya ce har da su. Kaɗan suka biya, sauran suka watse a hankali suna waiwaye.

Asabar ta biyu ko zuwa karanta kwalin ba su yi ba. Filin ya yi tsit, har tarin alƙalin wasa ana ji daga ƙofa. Da ƙwallo ta tsallake kwano sai kowa ya tsaya yana jira, kamar yadda aka saba, yara su jefo ta daga waje. Ba wanda ya jefo. Dole wani direba mai tumbi da ke buga baya ya fita ta ƙofa, ya zagaya, ya dawo yana haki, ya ce wa Tela a wucewa, "Ni ma sai na sake biya ne?" Matar da ke sayar da ruwan sanyi ta kwashe kulolinta tun kafin hutun rabin lokaci. Wasu iyayen ma sun daina zuwa, ashe dā can yaran ne ke janyo su.

A gida matarsa ta ce, "Malam, ka ga yadda ka rame kuwa? Abin da ba a biyanka, kullum ka dawo kamar wanda aka daka."

Ya ce sabon abu ne, mutane za su saba. Ya miƙe ƙafa ta sa masa man zafi.

A Asabar ta huɗu ne Maman Tsinke ta zo. Mijinta abokin Tela ne, tare suka buga baya shekara da shekaru, ya rasu shekara shida da suka wuce ya bar mata yara huɗu. Shara take yi a wani asibiti. Babban ɗanta, wanda ake kira Tsinke saboda rashin jiki, yana koyon walda, kuma ranar ce Koci ya ce zai fara sa shi a wasa. Ta roƙi a canza mata aiki don ta zo. Ta taho da ƙannensa uku, an wanke su tas, an goge musu kaya, ƙaramar tana riƙe da hannunta.

Suka gaisa, ta tambayi mutan gida, ta ajiye kuɗin mutum ɗaya a kan tebur. Yaran har sun fara wucewa.

A bayanta akwai wani mai gyaran rediyo da ya biya wa 'ya'yansa biyu sati uku a jere, yana mita kowane sati, ga shi yanzu ya zuba ido. Tela ya nuna mata kwalin da haɓa.

Ta karanta a hankali. Ta buɗe jakarta ta duba, ta rufe.

"Ban ji ba, Yaya Tela. Da na ji da na shirya."

Ya rage murya. "Ku shiga kawai, zan cika."

Amma layin ya matso, kowa ya ji. Mai gyaran rediyo ya yi gyaran murya. Ta ɗauke kuɗinta daga kan tebur ta mayar cikin jaka.

"A'a, na gode. Ba roƙo muka zo ba. Doka ce, ai ba kai kaɗai ka yi ta ba."

Ita ba ta san shi ya kawo ta ba, kuma bai faɗa mata ba. Ta ja yaran suka bi gefen kwanon har wurin da tsatsa ta ci rami daidai gwiwar mutum. Daga kujerarsa yana hango su. Yaran maza biyu suka durƙusa suna karɓa-karɓa, ita kuma ta shimfiɗa gyalenta a ƙasa ta zauna, ƙaramar a cinyarta, in sun ba ta wuri ta sunkuya ta leƙa. Sau biyu ya miƙe zai je wurinsu, sau biyu wani ya zo sayen tikiti.

An sa Tsinke saura minti ashirin a tashi. Bai ci ƙwallo ba, amma shi ya ba da wadda aka ci, kuma Tela ya lura duk sanda wasa ya tsaya sai ya juya yana bin bencinan da ido. Da aka hura tashi, uwar ta riga ta karkaɗe gyalenta ta tafi da yaran don ta kama mota. Tsinke ya zo ƙofa da gumi a jikinsa.

"Baba Tela, Mama ba ta zo ba ne?"

Tela ya so ya ce bai gan ta ba. Ya gaji da yawa, ko ƙaryar ma ba zai iya shirya ta ba. Ya faɗa masa yadda aka yi, bai rage komai ba. Tsinke ya saurara har ƙarshe, ya cire rigar wasan, ya ninke ta ya ajiye a kan tebur.

"Hannun ya ɗan yage," ya ce, ya tafi.

Washegari da la'asar Tela ya hau mota ya je gidanta. Ɗaki biyu ne a bayan wani gidan haya, igiyar shanya ta ratsa tsakar gidan. Ta kawo masa kujera da ruwa, ba ta nuna masa komai a fuska ba. Ya ce mata shi ne ya kawo shawarar. Ta shiga tsince zare a bakin zaninta.

"To, ai filin ma ba kyauta kuke samunsa ba," ta ce. "Na sani. Ni dai ƙafafu kawai na gani ta ramin nan. Amma na gane nasa, irin na babansa ne, sirara kamar za su karye." Ta ɗan yi murmushi. "Yaran ne suka dame ni da tambaya a mota, wai me suka yi wa Baba Tela."

Ya sha ruwan, ya yi sallama.

Ranar Laraba ya sa aka sake zama a shagon Ciyaman, ya ce a janye dokar. Ya ɗauka za a karɓa da sauri, sai ya tarar ba haka ba. Ciyaman ya ce da ɗan abin da aka samu aka sayi sabuwar raga, kuma tun da aka fara ba a sake jifan alƙali da ɓawon lemo ba, ba a karya benci ba. Ya ce in an janye, wa zai je ya fuskanci mai fegin, shi ko Tela? Gaskiya ya faɗa, Tela ya sani. Koci kuma, da ya kamata ya goya masa baya, sai ya tsaya tuna wa kowa cewa shi tun farko ya faɗa. Aka yi awa biyu ana abu ɗaya. A ƙarshe malamin makarantar nan mai tsaron raga ya ce a raba: yaron da ya zo da babba ya shiga kyauta, wanda ya zo shi kaɗai ya biya rabi. Kowa ya gaji, aka amince. Tela ya ce a nemi wani ya karɓi ƙofar. Aka ce to, ya ɗan riƙe zuwa ƙarshen kakar wasa.

Tsinke ya dawo wasa bayan sati biyu, Koci ne ya je har wurin waldar ya lallashe shi. Yana gaishe da Tela, amma a tsaye, ba ya daɗewa. Uwarsa ba ta sake samun Asabar ba a wannan kakar.

Yaran unguwa kuwa ba su ɗauki lokaci ba suka gane kan sabuwar dokar. Sai su taru nesa da ƙofa, bayan wata matacciyar mota, duk babban da ya nufo fili su tare shi: "Kawu, don Allah ka shiga da ni." Wasu su kore su, wasu su kama hannun ɗaya ko biyu. Tela yana gani, ya san 'ya'yan su waye, ya san ubanninsu, ya daina ɗaga kai sosai.

Wata Asabar mai zafi sai ga wani birkila, tuzuru ne da duk unguwa ta san ko budurwa ba shi da ita, ya taho da siminti a ƙafarsa da yara goma sha ɗaya a bayansa, sun jeru daga babba zuwa ƙarami. Ya ajiye kuɗin mutum ɗaya.

Tela ya dube shi, ya dubi layin. "Duka naka ne?"

"Duka," in ji birkila, ko ƙifta ido bai yi ba.

Ciyaman na tsaye can ciki yana kallo, ya harɗe hannu. Gwiwar Tela na zugi tun safe, kuma akwai rigunan makaranta takwas da ke jiransa a shago. Ya yago tikiti ɗaya ya miƙa wa birkila, ya janye ƙafarsa daga hanya.

"Allah ya raya maka su," ya ce. "Ku bi a hankali, kar ku ture mini tebur."