Shaidar Mai Shara

Shekara goma sha tara Inna tana sharar babban lambun shaƙatawa na tsakiyar birni. A shekaru shida na ƙarshe, da zarar sanyi ya kama, sai wata 'yar agwagwar daji mai farin ido ta sauka cikin ciyayin bakin tafki. Inna na kiranta Baƙuwa. Auta, 'yarta, wadda ta karanci ilimin halittu ta dawo gida ba aiki, ita ta duba littafi ta gane daga wata uwa duniya tsuntsuwar take tasowa, kuma ba a taɓa rubuta ganin irinta a birnin ba.

Sai ga takarda an manna: ranar Litinin za a sare ciyayin, a yi wa kwale-kwalen haya matsaya. Abu ɗaya ne zai hana, a shigar da Baƙuwa rajistar ƙungiyar masu kallon tsuntsaye, domin hukumar lambu na jin maganarsu.

Ranar Asabar Auta ta sami 'yan ƙungiyar a rumfa, kowa da madubin hangen nesa rataye a wuya. Shugabansu, wani likita mai ritaya, ya karɓi wayarta ya ƙura wa hoton Baƙuwa ido.

"'Yata, wannan tsuntsu ne ko ƙuda ya hau gilashin?"

Aka yi dariya. Auta ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ranka ya daɗe, wayar ce ta talaka, idon kuwa lafiyarsa ƙalau. Akwai fari a ƙarƙashin wutsiya, kuma nutso take yi."

"Dokarmu shaida biyu. Waye na biyun?"

"Mahaifiyata. Ga ta can da tsintsiya."

Likita ya waiga, kamar yau ya fara sanin ganyen nan ba da kansa yake kwashewa ba.

"Baiwar Allah nan? Ai ba 'yar ƙungiya ba ce. Ke ma haka. Kai mu mu gani, sai mu sa hannu."

"Sunan wa za a rubuta?"

"Na waɗanda suka shaida."

Auta ta koma wajen Inna.

"Ba zan kai su ba. Shekara shida kina kore mata karnuka, yanzu a ce wani ne ya gano ta? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi."

Inna ta buga gindin tsintsiya a tafin hannunta.

"Ke da bokonki. Ita Baƙuwar ta iya karatu ne, da za ta duba sunan wa aka sa? Wurin kwana take nema. In an sare, baɗi ta sauka a kankare?"

Auta ta dubi ciyayin bakin tafkin. Sannan ta juya ta yi wa su Likita jagora ta bayan banɗaki, ta hanyar da masu shara kaɗai suka sani. Takalmanta suka cika da laka. Ta nuna musu Baƙuwa da yatsa. Likita ya ɗaga madubinsa.

"Ikon Allah. Shekara talatin ina neman wannan."

Ba a sare ciyayin ba. Kafin wata ya zagayo an kewaye wurin da waya, an kafa allo mai hoton agwagwar, da sunan Likita da na mataimakinsa. Auta ta karanta wa Inna har ƙasa, har layin ƙarshe, wanda ya ce 'yan ƙungiya kaɗai ke shiga.

"Har ni?" in ji Inna.

Mai gadi, wanda suka tsufa tare a aikin, ya kawar da kai.

"Ki yi haƙuri, Yaya. Sun ce ƙarar tsintsiya na firgita ta."

Inna ta leƙa ta ramin wayar, ba ta hango komai ba sai ciyawa.

"To, tana ciki dai ko?"

"Tana ciki," in ji Auta. "Mun dafa dutsen, Inna. Romon ne ba namu ba."